Awakin Gwaggo da Sitacin da Ya Sha Dalma

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda kuma shi ne shugaban ƙungiyarmu ta masu masana'antun wannan layi, mai girma wakilin hukumar kula da muhalli, babban likitan asibitin unguwa da ma'aikatansa, malamanmu limamai, dattawan unguwa, iyayenmu, shugabar mata da tawagarta, 'yan kwamitin ruwa, 'yan'uwana masu gyaran batir, da masu fenti, da masu narka ƙarfe, da masu rini, masu lambu na bakin kududdufi, 'yan jarida, da sauran jama'a, waɗanda suka sami kujera da waɗanda ke tsaye cikin rana: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina gode wa shugaba da ya ba ni wannan dama, ina gode wa kwamiti da ya kafa rumfa ya jera kujeru, ya shafe tankokin can da fenti har suna ɗaukar ido. Ina kuma gode muku da kuka rufe shagunanku kuka zo.

Yawancinku kun san ni, amma akwai baƙi, don haka bari in faɗi wane ne ke magana. Na shigo layin nan da baro ɗaya da magogi na gwangwani wanda na huda da ƙusa da hannuna. Karatuna sakandare ne, ita ma takardar da na fito da ita ba ta nunawa a taro ba ce. Ban gaji kowa ba. Ba ni da kawu a ofis, ban taɓa durƙusa wa banki ba, ban taɓa riƙe wa ɗan siyasa jaka ba. Ni na goge rogo har fatar yatsuna ta saɓule, ni na tace, ni na shanya, ni na bi masu wanki da guga shago shago ina tallar sitaci. Injin gugar rogo na farko a layin nan ni na haɗa shi da injin tsohon babur, mutane na tsaye suna dariya. Ni na haƙa rijiyata, ni na ɗora bulon masana'antata, ni na jawo wuta da kaina. Yau masaƙu da masu yin kwali da masu yin manne daga wurina suke saye, kuma babu ɗa ko 'ya a gidana da bai ga ƙarshen karatunsa ba. Duk wanda ya san wani da ya tallafe ni a wannan tafiya, ban da Allah, ga lasifika, ya zo ya faɗa.

Ba don a tafa mini na faɗi wannan ba. Na faɗa ne don ku san mutumin da zai ce muku yana jin tsoro ba matsoraci ba ne. Gobara ta taɓa cinye mini rumbu, ban tsorata ba. Inji ya taɓa cire mini kan yatsa, na ɗaure da tsumma na ƙarasa aikin ranar. Amma yau, a gaban wannan taro, wallahi tsoro nake ji. An gayyace ni ne in yi godiya, in riƙe almakashi tare da shugaba a yanke ƙyalle, a murɗa famfo ruwan lambatu ya shiga tankin tacewa. Na zo ne in roƙe ku kada a murɗa famfon nan yau.

Ku ba ni hankalinku, zan bi maganar daki-daki.

Na farko, abin da ke cikin lambatun da ya ratsa bayan shagunanmu. Kowa a nan yana zuba wani abu a cikinsa. Mai batir yana zuba ruwan batir, mai fenti yana wanke gwangwaninsa, mai narka ƙarfe yana wanke tokarsa, mai rini yana zubar da tukunyarsa. Ba zargin kowa nake yi ba, haka muka taras ana yi. Ruwan nan yana ɗauke da dalma da tagulla da wasu ƙarafa masu sunan da bakina ba ya iya lanƙwasawa, kuma yana gangarawa kududdufin da masu lambu ke ban-ruwa da shi. Likita yana nan, in na yi kuskure ya gyara mini. Dalma ba ta da wari, ba ta da launi a cikin ruwa, tafasawa ba ta kashe ta, rana ba ta ƙone ta. Idan ta shiga jikin yaro ba lallai ta zo da zazzaɓi ba, balle uwa ta goya shi ta ruga asibiti. Shiru take zama a cikin jini da ƙashi, tana rage wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa, sai ya girma ana ce masa daƙiƙi, ana dukansa a kan karatu, alhali ba laifinsa ba ne.

Na biyu, abin da sitaci ke yi. Autata, wadda ga ta can zaune a sahun mata tana sunkuyar da kai, ita ta karanci kimiyyar haɗa sinadarai. Wata rana ta same ni a bakin mashanya ta ce, "Baba, sitacin nan naka rago ne. Ruwan zafi na taɓa shi ya saki jiki."

Na ce, "Sitacin da ya kai ki jami'a ne rago? Allah ya shirye ki."

Ta ce, "In ka bar ni na gasa shi da tsami irin wanda ke cikin lemon tsami, zai daina narkewa, ya zama kamar tsaki. Kuma zai tsiro da wasu ƙananan hannuwa da ido ba ya gani, duk dalmar da ta zo wucewa su cafke ta."

Na ce, "Hannuwa? Auta, rogo ne fa, ba ɗan sanda ba."

Ta yi dariyarta ta tafi, washegari ta dawo da kwalabe. Ilimin nata ne, ba zan ci haƙƙinta ba. Amma abin da take yi a cikin cokali, ni na san yadda za a yi shi a cikin buhu. Gangar da ke juyawa a kan wuta tana gasa sitacin ni na ƙera ta. Mun ƙona wani, wani ya zama manne har sai da muka fasa shi da guduma, wani ya fito daidai. Muka ɗebo ruwan lambatu muka bi da shi ta cikin sitacin, aka kai ɗakin gwaji, aka auna wanda ya shiga da wanda ya fita. Dalmar ta ragu ƙwarai, har ma'aikacin hukuma ya ce a sake aunawa, aka sake, haka ta fito. Ban ce ruwan sha ba ne. Amma ruwa ne da mutum zai sake shi ya tafi kududdufi bai zalunci kowa ba. Wannan aiki gaskiya ne, ina alfahari da shi, kuma duk wanda ya ce ba ya aiki ya zo mu je wurin gwaji tare.

To ina matsalar take? Ita ce magana ta uku, kuma ita ce ta hana ni sukuni.

Ranar da sakamako ya fito, ina murna, na tambayi Auta, "To ita dalmar ina ta tafi?"

Ta ce, "Tana cikin sitacin, Baba. Ba ta mutuwa. Mazauni kawai muka sauya mata."

Ku riƙe wannan. Gubar da take warwatse cikin ruwan lambatu mai yawa, sitacin nan tattara ta yake yi wuri ɗaya. Ana iya wanke shi a sake amfani da shi, amma daga ƙarshe yana gajiya, dole a kwashe shi daga tanki. Kuma idan aka kwashe shi ya sha iska, fari-fari yake, mai laushi, yana ɗan ƙanshin tsami. Duk wanda ya gan shi zai ce dusar rogo ce, mai kyau ma kuwa.

Kowa a unguwar nan ya san al'adar masana'antata. Dusar da ke saura bayan an tace rogo, tun ina da baro ɗaya ban taɓa sayar da ita ba. A bakin ƙofar baya ake tara ta, mai akuya da mai tunkiya da mai kaji su zo su ɗiba. Ba a neman izini, domin ni na ce kada a nema. A cikin masu ɗiba babu wadda ta kai Gwaggo mai awaki daɗewa, dattijuwar nan da gidanta ke bayan injin niƙa. Ta san ni tun ina yawo da silifa ɗaya da rabi, kuma har yau ba ta yarda na girma ba.

Lokacin gwaji, a farfajiyata muka kafa ƙaramin tanki. Sitacin da ya ƙoshi da dalma muka kwashe muka tara a gefen katanga, nesa kaɗan da dusa. Kada wani ya ce sakaci aka yi. An rufe shi da tamfol, an ɗora duwatsu, an kewaye da igiya, an kafa allo da jan fenti an rubuta haɗari da manyan baƙaƙe. Duk abin da mai hankali zai yi an yi.

Bayan wasu makonni ina tsaye a bakin ƙofa ana sauke rogo, sai ga Gwaggo da kwanonta a ka, fuskarta fal murna. Ta ce, "Kai Mai sitaci, ashe ka iya rowa? Ka ɓoye mai kyau a ƙarƙashin tamfol ka bar mana tsakuwa a waje!"

Na ce, "Wace mai kyau, Gwaggo?"

Ta ce, "Farar nan mana. Awakina har faɗa suke a kanta. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, ya ƙara buɗi."

Jama'a, an sha yi mini addu'a, amma ban taɓa jin wadda ta firgita ni ba sai wannan. Na dafa motar rogo. Na ce, "Gwaggo, ba ki ga allo ba?"

Ta ce, "Na gani mana. Na ce ko sunan kamfani ne ka sake."

"Igiyar fa?"

"Igiya ai ta awaki ce, ni mutum ce, na tsallake."

Na kira maigadi. Ya rantse bai san an taɓa tamfol ba, domin ta wajen ƙofar baya take ɗaga gefe ta cika kwano ta mayar da dutse yadda ta same shi, ita mai tsafta. Shi da kansa yake taya ta ɗora kwanon a ka, kamar yadda ya saba shekara da shekaru, da zani a rufe a kai. Wa zai buɗe kwanon Gwaggo ya duba?

Muka tafi gidanta ni da Auta. A hanya ina ta roƙon Allah in tarar awakin sun mutu. Ku ji da kyau abin da na ce. Da sun mutu a ranar farko, da magana ta ƙare a nan: an yi asara, an gane, an daina. Amma na tarar da su a tsaye, suna tuƙa, gashinsu na sheƙi. Sai na ga wata ƙaramar ƙwarya a kan turmi da sauran madara a ciki. Na ce, "Gwaggo, wa ke shan nonon?"

Ta ce, "Wa kuwa in ba 'yar lelena ba? Tun da aka yaye ta ba ta yarda da komai sai shi."

Jikarta ce, yarinyar da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Tana zaune a tabarma tana buga murfin tukunya da cokali, ta ɗago ta yi mini dariya da haƙoranta na gaba. Auta ta juya ta fita waje, na ji tana kuka a zaure.

Sai da aka kai ruwa rana kafin Gwaggo ta yarda a tafi da awakin. Ta ce, "Ka dube su! Wanne ne marar lafiya a ciki? Kai ne dai marar lafiya, boko ya shiga kan 'yarka ya tsallako naka." Na ce ta zage ni yadda take so, zan kawo mata wasu. Ta ce ba wasu take so ba, nata take so, ita ta karɓi haihuwarsu. Daga ƙarshe limami ne ya lallashe ta. Aka tafi da su, ba a ci namansu ba, ba a sayar wa mahauci ba, an binne su da zurfi.

Yarinyar kuwa mun kai ta asibiti an ɗebi jininta. An sami dalma fiye da yadda ya kamata. Likita ya yi mini gaskiya, ya ce ba zai iya raba wadda ta zo daga madara da wadda ta zo daga ƙurar unguwa da ganyen lambu ba. Ana kula da ita, ana sake aunawa. Na ce, "Likita, za ta warke sarai?" Ya ce, "Muna fata. Amma abin da ya taɓa a ƙwaƙwalwa, in ya taɓa, ba yau za mu gani ba. Sai ta shiga makaranta."

Sai ta shiga makaranta. Haka zan zauna ina jira, ni da Gwaggo, shekaru, muna kallon yarinya tana wasa, ba mu san abin da ke cikin kanta ba. Wannan shi ne tsoron da nake gaya muku. Kuma wannan ɗan tarin gwaji ne kawai, wanda bai cika bayan ƙaramar mota ba.

Yanzu ku ɗaga ido ku dubi tankokin can. Kowanne ya ninka na gwajina nesa ba kusa ba. Idan aka murɗa famfo yau, ba da daɗewa ba za a fara kwaso sitacin da ya ƙoshi, buhu-buhu. Na tambayi kwamiti ina za a kai shi. Aka ce ramin simintin da za a zuba shi a ciki yana cikin tsari, za a yi shi bayan damina. Na ce kafin nan fa? Aka ce za a tara shi a bayan katangar can, a rufe da tamfol, a kewaye da igiya, a kafa allo.

Tamfol, da igiya, da allo. Ranka ya daɗe shugaba, na riga ku gwada wannan. Akuya ba ta karatu. Kaza ba ta san igiya ba. Tsohuwa mai kiwo, wadda ta saba tun tana da ƙarfi duk abin da ya fito fari daga hannuna abinci ne, allo ba zai hana ta ba. Kuma ba Gwaggo ce kaɗai mai kwano a unguwar nan ba. Bayan katangar can hanya ce, ta nan masu kiwo ke wucewa, ta nan yara ke zuwa makaranta. Ga damina a bakin ƙofa: ruwan sama ɗaya mai ƙarfi zai ɗaga tamfol ya kwashi tarin nan ya mayar da shi lambatu, duk abin da muka tara a hankali ya koma kududdufi a rana ɗaya. Sannan akwai wanda ba na son in ambata amma dole: ranar da wani marar tsoron Allah ya gane ana iya cika buhu da shi a kai kasuwar dabbobi a ce dusa ce, wa zai bi sawunsa? Wace akuya, wane gida, wane yaro?

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Za a ce duk ranar da famfon nan ke rufe, dalma na ci gaba da gangarawa lambu. Gaskiya ne. Masu lambu, ina ganinku, kuma ni ma ganyenku ake ci a gidana. Jinkirin ma tsoro yake ba ni. Amma ruwan lambatu baƙi ne, yana wari, ko mahaukaci ba ya kai shi baki. Abin da za mu fitar daga tanki kuwa fari ne tas, kamar abin arziki. Gara mu ƙara haƙuri kaɗan da maƙiyin da muka san kamanninsa, da mu yi masa wanka mu sa masa farar riga mu ajiye shi a bakin hanya.

Ba dogon jinkiri nake nema ba. A haƙa ramin nan yanzu, ba bayan damina ba, a zuba masa siminti ƙasa da gefe, a yi masa murfin ƙarfe da kwaɗo, hukuma ta zo ta duba ta ce ya yi. Maginana suna nan, yashi da tsakuwa suna farfajiyata, gobe da safe za su fara in an ba da wuri. Kowane shago ya ba da mutum ɗaya mai riƙe shebur. Sannan duk sitacin da zai shiga tanki a rina shi tun daga wurina da launi mai muni, wanda ba ya kama da abincin mutum ko na dabba; Auta ta ce za ta nemo wanda ba zai ɓata aikinsa ba. Kafin a gama, 'yan'uwana masu batir, ku yi wa Allah ku riƙe ruwanku a cikin durom, kada ku zuba. Ku kuma iyayenmu mata, ku shiga gida gida ku faɗa da baki, ba da allo ba.

Na ji ana cewa baƙi sun riga sun zo, an kira 'yan jarida, kunya ce a tashi ba a buɗe ba. Ni zan ɗauki kunyar. Tankokin can babu komai a cikinsu tukuna, sitacin da za a zuba yana rumbuna, ga kuma mabuɗin a aljihuna. Ba zai fita ba sai na ga murfi da kwaɗo da idona. Wanda zai yi fushi ya yi fushi da ni. Wanda zai ce girman kai ne ya faɗa, an sha faɗa.

Allah ya kare mana 'ya'yanmu daga abin da muke gani da wanda ba ma gani. Allah ya ba jikar Gwaggo lafiya, ya tsare mata hankalinta, ya sa mu ga ranar da za ta dawo daga makaranta tana karanta mana abin da aka koya mata. Allah ya yi wa shugabanninmu jagora, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Saura abu ɗaya. Malam sakatare, na ga ka ajiye alƙalami tun da na fara maganar rami. Ɗauke shi. Kada ka rubuta cewa an ɗage buki saboda wasu dalilai, kada ka rubuta cewa kwamiti ya sake shawara. Ka rubuta cewa mutum ɗaya ne ya tsaya a gaban jama'a ya hana, kuma ka rubuta sunansa. Sunana cikakke, da na mahaifina, da sana'ata. In jinkirin nan ya jawo wata ɓarna, a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. In kuma ya tsare ko da yaro ɗaya ne, to wannan ma a san wanda ya yi. Ina tsaye a nan har ka gama rubutawa, ka karanta mini in ji.

Na gode, Allah ya saka da alheri.